Ku Tambaya Mu Amsa: Kyamarar Aljihu Ko Mai Ƙaton Lens?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Wannan karon kusan rabin saƙonnin da suka shigo duk a kan abu ɗaya suke, kyamara mai dogon zum, wato mai jawo abu na nesa ya zo kusa, wai ƙaramar da ke shiga aljihu za a saya ko kuwa babbar nan mai ƙaton lens da ake ratayawa a wuya. Na tsinci guda takwas a ciki, wanda bai ga tasa ba ya duba da kyau don amsarsa na nan cikin ta wani. Wasu na ɗan rage musu tsawo, masu su a yi haƙuri.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Na daɗe ina tari don in sayi kyamara, yanzu na tsaya tsakanin Canon SX740 HS da Panasonic FZ80. Abokina ya ce in ɗauki babbar kawai don ita ce irin ta ƙwararru, hotonta ya fi fita. Ni dai tafiye-tafiye nake yi da ɗaukar iyali. Gaskiya ne maganarsa? Daga wani mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam. Toh abokin naka ya faɗi abin da kusan kowa yake zato, ni ma haka na ɗauka lokacin da na fara, amma fa ba girin-girin ba dai ta yi mai. Ita babbar, FZ80 kenan, Turawa birij suke ce wa irinta, wato gada, wai don ita ce gada tsakanin ƙananan kyamarori da manyan nan na masu sana'a da ake cire musu lens a ɗaura wani. Siffar ta kwaikwayo tsaf, ga mariƙi ga tudun nan na sama ga maɓallai birjik, amma lens ɗinta a manne yake ba ya fita, sannan abin da ke can cikinta yana kama haske, wato sensa, girmansa ɗaya da na ƙaramar da abokinka ke rainawa. Su biyun duk sensa mai lamba 1/2.3 gare su, faɗinsa milimita 6 da 'yan kai, tsayi 4 da rabi, ko farcen ƙaramin yatsanka bai kai ba. Na manyan kyamarorin da ake ce wa ful-firem kuwa milimita 36 ne da 24, ya ninka wannan kusan sau 30. Kaga kenan in da rana ne tsaka ka ɗauki iyalinka da kowacce, ka wanko hotunan ka cakuɗa ka miƙa wa abokin naka, wallahi da ƙyar ya iya ware maka su.

Ba wai babbar ba ta da abin da ta fi ba ne, tana da shi, sai dai ba a wajen da yake nufi ba. A ma'aunin tsawon lens (ƙaramar lamba fili take kwasowa, babba kuma nesa take jawowa) FZ80 tana farawa daga milimita 20 ta tafi har 1200, ita Canon ɗin daga 24 zuwa 960, saboda haka FZ80 ta fi kwaso fili in kana cikin ɗaki ko gaban dogon gini, kuma ta ɗan fi jawo na nesa. Ƙofar haskenta ta fi buɗewa, f/2.8 zuwa f/5.9, waccan kuwa f/3.3 zuwa f/6.9 (a nan ƙaramar lamba ita ce babba, in ka ga lambar ta yi ƙasa haske ya fi shiga). Tana da tagar leƙe da za ka manna ido, tana ajiye ɗanyen hoto na RAW ga mai son zama a kwamfuta ya gyara, akwai wajen ɗaura babbar filasha a samanta, duk SX740 ba ta da waɗannan. Kuma tana cika hannu, wanda ba ƙaramin abu ba ne in ka zuƙo zum har ƙarshe.

Amma nauyinta giram 616, ƙaramar 299, kuma ba nauyin ne kaɗai ba, ita dole sai da jakarta. Ni na taɓa sayen babba, watanni ukun farko kullum tana wuyana kamar laya, daga baya sai ta koma kan durowa, in zan fita in dube ta in dubi jakar in ce kai bari dai gobe. Ƙarshen shekara na buɗe memorinta, abin da ke ciki bai kai hotunan da na ɗauka da waya a wata guda ba. Kafin ka biya kuɗi ga gwaji mai sauƙi, samo gorar ruwa mai rabin lita ka ɗaura mata igiya ka rataya a wuya ka yini da ita kana harkokinka, ka hau mota ka sauka ka ɗauki yaro ka ajiye. In yamma ta yi ba ka tsane ta ba sayi FZ80. In tun azahar ka cire ka jefar toh ka san amsarka. Ni dai da ka ce tafiya da iyali, ƙaramar zan ce maka.

TAMBAYA: Malam ni lissafin ne ya rikita ni. Wata an rubuta mata 40x wata 60x wata har 125x, wayar yayana kuma an ce 100x take yi. Kenan wayar ta fi kyamara mai 60x? Ɗalibinka.

AMSA: Ƙanina wannan x ɗin rabawa ce kawai irin ta firamare, a ɗauki lambar ƙarshen lens a raba da ta farkonsa. FZ80 da muka yi magana 1200 raba 20, ya ba ka 60. Tsohuwar Canon SX50 HS ta shekarar 2012 kuwa 1200 raba 24, ya ba ka 50. Ɗaya 60x ɗaya 50x amma a wuri ɗaya suke tsayawa, tsuntsun da ke kan turken wuta girmansa ɗaya zai fito a dukkansu, bambancin a farko yake ba a ƙarshe ba. Har ma lens mai milimita 500 da ba ya zum sam, wato 1x, ya fi jawo abu kusa a kan mai 10x da ya tsaya a 250. Don haka daga yau in ka ɗauki kwali ka ƙyale ƙaton rubutun, nemi ƙananan lambobin nan biyu masu mm, ta ƙarshen ita ke gaya maka nisan da za ta kai.

Su ma lambobin ba tsawon gilashin na zahiri ba ne, kwatance ne da ful-firem. Nikon P1000 da ake cewa 24 zuwa 3000, ainihin lens ɗinta 4.3 ne zuwa 539, ana ninkawa da kusan 5.6 saboda ƙanƙantar sensa. Wato ƙaramin sensan da muke kuka da shi shi ne dai ya ba da dogon zum ɗin, da babba aka saka da sai an turo lens ɗin a baro.

Wayar yayanka kuma, in irin su Galaxy S23 Ultra ce, gilashinta na gaske a 10x ya tsaya, kusan milimita 230. Daga nan zuwa 100 yanke tsakiyar hoton take yi ta hura shi, sannan manhaja ta yi ta cike gurbi da hasashe. Ka gwada ta a kan allon talla mai nisa ka ga yadda haruffa ke komawa kamar rubutun aljanu. Kyamarar ma tana da irin wannan zum ɗin na dijital bayan na gilashi ya ƙare, ka shiga menu ka kashe shi, yankan da za ta yi maka kai ma za ka iya daga baya kuma ka fi ta sanin inda kake so.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ni tsuntsaye nake bi tun ina yaro, sai kuma farin wata. Na ga bidiyon da ake zuƙo wata da Nikon P1000 har ramukansa suna fitowa, tun ranar ban sake barci mai daɗi ba. In saye ta ko akwai ta aljihu da za ta yi min wannan aikin? Mai son tsuntsaye.

AMSA: Yauwa, kai ne mutumin da aka ƙera birij dominsa, ta aljihu ka manta da ita. Bari in ba ka lissafin watan. A milimita 720, inda yawancin na aljihu masu 30x suke tsayawa, wata yana cin kusan kwatan tsayin hoton ne, za ka ga duhu-duhun jikinsa amma ramuka sai ka yi ta hurawa. A 2000 yana cin kusan kashi uku cikin huɗu. A 3000 kuwa ba ya ma shiga gaba ɗaya, sai ya ɗan fita ta sama da ƙasa. Nikon ce ta riƙe wannan fagen, P900 ta fito 2015 da 83x wato 24 zuwa 2000, P1000 ta zo 2018 da 125x, P950 ta biyo 2020 ita ma 2000 amma an ƙara mata RAW da bidiyon 4K da P900 ba ta da su, sai P1100 a 2025 wadda kusan P1000 ce aka sake wa riga.

Sai dai masu bidiyon nan ba sa nuna maka wahalar. P1000 giram 1415 ce, kusan kilo ɗaya da rabi, kuma in lens ya miƙe nauyin gaba yake rinjaya, ko a kan mai ƙafa uku ka ɗora ta in ba mai ƙarfi ba ne kana sakin hannu sai ta ɗan sunkuya, abin da ka saita ya fice. A 3000 ƙofar haske ta tsuke ta koma f/8. Sannan duk motsin jikinka ana ninka shi, ranar da na fara leƙa irin wannan zum ɗin na ga hoton yana ɗan tsalle a hankali tik tik, na ɗauka kyamarar ce ta lalace ashe bugun zuciyata ne ke bi ta hannu. Tsohuwar ƙa'idar masu hoto ita ce saurin shota (ɗan labulen da ke buɗewa haske ya shiga ya rufe) ya kai ɗaya bisa tsawon lens, wato a 2000 kana neman 1/2000 na daƙiƙa, na'urar hana girgiza tana rage maka wannan sosai amma ba ta yin sihiri. Shi kansa watan ba a tsaye yake ba, juyin duniya na sa ya matsa da faɗin jikinsa duk bayan kusan minti biyu, kana gyara fokas, wato saitin da ke sa hoto ya fito tar, yana sulalewa. Af, kuma kada ka jira daren sha huɗu, cikakken wata fari fat yake fitowa kamar faranti, ramukan sun fi fita lokacin da yake rabi don inuwa ta kwanta a gefensu.

Wani abin da babu kuɗin da zai saya maka shi ne iska mai tsabta. Duk abin da ke tsakaninka da tsuntsun, ƙura, hazo, tururin zafin da ke tashi daga ƙasa da rana, lens zai zuƙo shi tare. Tsuntsu a mita 200 da tsakar rana zai fito kamar kana kallonsa ta cikin ruwa, ba laifin kyamara ba ne. Fita da sassafe, kuma ka koyi laɓaɓawa, taku goma da za ka ƙara ya fi maka milimita dubu.

Nemo tsuntsun ma aiki ne. Ka gan shi da ido a kan reshe, ka zuƙo, sai ganye kawai kake gani ba ka san ko sama yake ko ƙasa ba. A gefen lens ɗin Nikon akwai wani ɗan maɓalli, kana danne shi zum ya ja baya ka ga bishiyar duka, ka sa tsuntsun a tsakiya ka saki ya koma inda yake. Canon SX70 HS ma tana da irinsa. Yatsanka ya saba da shi tun a gida.

Da ni ne P950 zan ɗauka, giram 1005, ana iya yini da ita a hannu, kuma tsakanin 2000 da 3000 ranakun da iska za ta bar ka ka ci ribar bambancin ba su da yawa. Amma fa duk wannan maganar tsuntsun da ke zaune ce. In mai tashi kake so, shaho a sama ko tsattsewa, fokas ɗin waɗannan yana da nawa, kafin ya kama an wuce. Nan Sony RX10 IV ta 2017 ce sarauniya, milimita 600 kawai amma sensanta babba ne, fokas kamar walƙiya, hoto 24 a daƙiƙa ɗaya. Tsadarta ma ta sarauta ce.

TAMBAYA: Salam Malam. Yarana suna yawan wasan kwaikwayo da karɓar kyauta a babban ɗakin taron makarantarsu, ni kuma kullum a baya nake samun kujera. Ina da ƙaramar kyamara mai 30x amma duk hoton da na ɗauka dishi-dishi yake fitowa, fuskar kamar an shafa mata fenti. In na sayi babbar mai 60x zai gyaru? Wata uwa.

AMSA: Hajiya don Allah kada ki saya, gudun gara za ki yi ki faɗa gidan zago. Matsalarki ba nisa ba ce, haske ne. Idonmu yana ganin ɗakin taro da haske amma a wajen kyamara duhu ne, kina zuƙo zum ƙofar hasken na ƙara tsukewa, sai kyamarar ta rasa yadda za ta yi, ko dai ta bar shota a buɗe ya daɗe yaro ya motsa hoto ya yi dishi-dishi, ko ta ɗaga ISO, wato ƙarfin jin hasken sensa, zuwa 1600 ko 3200 hoto ya cika da yashi-yashi, sannan ta bi ta goge yashin ta haɗa da gashin gira da zanen riga, shi ne fentin da kike gani. Mai 60x sensa iri ɗaya gare ta, abin da za ta ƙara miki kaɗan ne. Na'urar hana girgiza kuma hannunki take riƙewa ba yaron ba, shi sai shota ya kai kamar 1/250 kafin ya tsaya cak. Filashar jikin kyamara ma ki kashe ta, mita kaɗan take kaiwa, ƙeyar mutanen gabanki kawai za ta haska.

Abin da zai taimake ki shi ne ki rage zum ki ƙara sensa. Akwai ajin da ake ce wa inci ɗaya, milimita 13.2 da 8.8, ya ninka naki kusan sau huɗu. (Ba inci ɗaya ba ne a awo, sunan gado ne daga bututun kyamarorin talabijin na da, an bar shi haka yana ruɗa mutane.) A cikin manya akwai Panasonic FZ1000 ta 2014 da ƙanwarta FZ1000 II ta 2019, milimita 25 zuwa 400, kuma ko a ƙarshen zum f/4 take, wannan ita ce zan nuna miki da yatsa. A na aljihu akwai Sony RX100 VII, 24 zuwa 200, f/2.8 zuwa f/4.5, tana shiga jakar hannu ba a ma san da ita ba, sai dai 200 daga kujerar baya zai yi miki kaɗan in ɗakin babba ne. Panasonic TZ200, wadda a Amurka ake kira ZS200, tana kaiwa 360 da sensa inci ɗaya amma a ƙarshe f/6.4 take, wato abin da aka ba ki da dama an karɓi rabinsa da hagu, ta fi dacewa da yawon rana.

Akwai kuma wata ta daban, FZ300 ta 2015. Ƙaramin sensa ne amma lens ɗin f/2.8 yake tun daga 25 har 600 ba ya tsukewa. In kika kwatanta da mai f/6.9 hasken da ke shiga ya ninka kusan sau shida, ba wasa ba.

Kafin ki kashe ko sisi dai ki gwada wannan a taro na gaba, ki je da wuri ki kama layi na biyu ko na uku, kada ki wuce kashi ɗaya cikin uku na zum ɗin, ki jira lokacin da yaron ya tsaya yana miƙa hannu, ki danna ki riƙe ta ɗauki biyar ko shida a jere. Sau da yawa ɗaya a ciki yana fita.

TAMBAYA: Wacce ta fi, mai megafiksel 16 ko mai 20? Ban son a cuce ni.

AMSA: Megafiksel yawan ɗigogin da ke haɗa hoto ne, kuma a kan ƙaramin sensa ba za ka ga bambanci ba, kamar ɗaki ɗaya ne a yanka shi gida 16 ko gida 20, ɗakin bai ƙaru ba. FZ300 da na ambata yanzu 12 ce kacal kuma masu ita ba sa kuka. Ko 12 ɗin ta isa ka wanke hoto babba ka rataya a bango. Kada wannan ya shiga lissafinka.

TAMBAYA: Malam shekaruna sun ja, sai da tabarau nake karatu. In na fita rana ba na ganin komai a sikirin ɗin kyamarar ɗana, harbi kawai nake yi a duhu. Dole sai babba ce ke da wajen leƙawa? Ni kuma kafaɗata ba ta son kaya.

AMSA: Baba Allah ya ƙara lafiya. Ba dole ba ne, amma sai an tona don na aljihu masu tagar leƙe ba su da yawa. Sony HX99 ta 2018 tana da wata 'yar ƙarama da ke faso kai daga sama in an taɓa maɓalli, zum 24 zuwa 720, nauyinta bai kai giram 250 ba. Panasonic TZ95 ta 2019 ma tana da ita a kusurwa. Amma a kula, TZ99 da ta gaje ta an cire mata tagar, sunan ya yi kama sosai kada a miƙo muku ita a ce ai sabuwar ce ta fi. Canon SX740 ba ta da ita sam.

A gefen tagar akwai wani ɗan ƙaramin gare da ake murzawa, aikinsa daidaita ta da ƙarfin idon mai leƙe. Ku cire tabarau ku leƙa, ku murza a hankali har rubutun da ke ciki ya fito tar, shikenan an gama, ba sai kuna sa tabarau kuna cirewa ba. Sannan manna kyamara a fuska yana rage rawar hannu fiye da miƙa ta gaba. Gaskiyar da zan ƙara ita ce tagar na aljihu matsattsiya ce kamar leƙen ramin makulli, ta manyan ta fi faɗi da daɗin kallo nesa ba kusa ba, don haka Baba ku leƙa da idonku kafin ku biya, kada a aiko yaro.

TAMBAYA: Na zaga neman sabuwa, ko babu ko kuma samfurin shekaru shida bakwai da suka wuce. Me ya faru ne? Kuma in ta hannu zan saya me zan duba?

AMSA: Waya ce ta cinye kasuwar. Alƙaluman CIPA, ƙungiyar kamfanonin kyamara ta Japan, sun nuna an fitar da kyamarori kusan miliyan 121 a 2010, amma a 2023 ba su kai miliyan 8 ba, kuma ƙananan masu manannen lens su suka fi shan duka. Kamfanonin sai suka koma kan manya masu tsada. Shi ya sa SX740 da SX70 da HX99 da P1000 duk 'yan 2018 ne, waɗanda suka fito daga baya kamar FZ80D ta 2024 da TZ99 da P1100 kuma yawanci tsoffin ne aka canza musu ramin caji zuwa USB-C aka ɗan taɓa nan da can. Wannan ma labari ne mai daɗi a wajenka, don ta hannu mai lafiya hotonta ɗaya da sabuwar.

Amma kada ka yi cinikin biri a sama, riƙe ta a hannu. Kunna ka kashe sau biyar kana sauraron lens, ya fita ya koma sumul, in ka ji ƙarar yashi ko ya tsaya yana tunani a hanya ajiye musu kayansu. Zuƙo zum har ƙarshe ka dawo. Sai ka nemi farin bango ko sararin sama, ka tsuke ƙofar haske iya tsukewa ka zuƙo ka ɗauka, ka buɗe hoton ka duba ko akwai ɗigo-ɗigo masu duhu da ba sa barin wuri ɗaya, wannan ƙura ce a kan sensa, kuma tunda lens ba ya fita sai an kwance kyamarar kafin a share. Irin wannan lens ɗin mai shiga da fita kamar zuga-zugi yake, yana shaƙar iska da abin da ke cikinta. Haska tocilan ɗin waya cikin gilashin, in ka ga wani abu kamar saƙar gizo-gizo to danshi ya yi masa tsiro, gudu. Ciro batir ka ɗora a tebur ka ga ko ya kumbura, ka duba murfinsa yana kamawa, ka tafi da memorinka ka gwada, filasha ma ka tashe ta.

In ta aljihu ka saya, sunan ne kawai, kada ka jefa ta aljihu tsirara. Tawa ta farko haka na kashe ta, tana aljihun wando tare da makullai wani abu ya danne maɓallin, lens ya yunƙuro zai fito ya tarar babu hanya, na ji ɗan kuka ƙirrr a cinyata, ina cirowa ya karkace ya tsaya rabi a waje. Mai gyara ya juya ta ya ce ba a gyara wannan sai dai a sauya lens ɗin ɗungurungum, kuɗin kuma ya kusa na wata ta hannu. 'Yar jaka mai zif da ta hana. Ka kuma haɗa da batir na biyu tun ranar, yawancinsu hoto 250 zuwa 400 suke yi a caji ɗaya kuma yawan wasa da zum na shanye shi da wuri.

TAMBAYA: Na ga wata a intanet an rubuta 4K, megafiksel 48, zum 16x, arha kamar kyauta, sunan kamfanin ne dai ban taɓa ji ba. In tura kuɗi?

AMSA: A'a. Duba hoton tallar da kyau, za ka ga lens ɗin ba ya fitowa ko kaɗan kuma kusa da 16x ɗin an rubuta dijital da ƙananan baƙaƙe, wato babu zum na gilashi a cikinta sam, ɗan ƙaramin sensa ne ake hura hotonsa. Wayar da ka turo min saƙon nan da ita ta fi ta.